Kason Gwaggo a Rumbun Kwamfuta

Daminar da rufin ɗakina ya fara yoyo ita ta kashe min kwamfutata ta farko. Na tafi makarantar firamaren da nake koyarwa na bar ta a kan tebur, ruwa ya sauko da hantsi, kafin in dawo ta sha ta ƙoshi. Tambayoyin jarrabawar da na buga wa 'yan aji shida da hotunan sunan 'yata ta fari duk suka tafi tare da ita.

Da na samu hali na shiga Kano na sayi wata ta hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka na haɗo da wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanka, wanda ake jona wa kwamfuta da waya a zuba masa kaya. Masu shagon suna ce masa ekstanal, ni kuwa rumbu nake ce masa. Mai shagon ya ba ni shawara in raba cikinsa gida biyu: ɗaya ya riƙe kwafin duk abin da ke cikin kwamfutar saboda tsaro, ɗaya kuma in riƙa zuba tarkacena.

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a zaure, inda wayar solarmu take, na jona rumbun. Sai ga Baffa, ƙanin mahaifina. Duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da Zakirai, in za a raba gonar gado shi ake kira. Malamai su yi lissafi, shi kuma ya ja igiya, ya kafa turaku, ya dasa gamba a kan iyaka.

"Me ake yi ne, Malam ƙarami?" in ji shi.

Na ce, "Rabo zan yi, Baffa."

Ya fasa wucewa. Ya cire takalmi ya zauna, na yi masa bayani iyakar iyawata, na nuna masa dogon layin da ya fito a fuskar kwamfutar, wanda shi ne girman rumbun gaba ɗaya.

"Wa ya shaida?"

"Ai nawa ne, Baffa. Ni na saya."

"Duk rigimar da na sani a ƙasar nan da 'ai nawa ne' ta fara." Ya matso ya ƙura wa layin ido. "Doguwa ce, ba faɗi. Ina gabas ɗinta?"

Na ce ba ta da gabas. Bai yi min musu ba. Ya kama kwamfutar da hannu biyu ya juya ta har ta kalli alƙibla, ni ma dole na tashi na zagaya.

Muna cikin haka Gwaggo ta leƙo. Yayar mahaifina ce, tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu da awakinta. In ka yi mata sallama sai ka maimaita kafin ta ji, amma kalmar rabo ta jiyo ta daga bayan katanga.

"Na ji ana rabo ba a kira ni ba."

"Gwaggo, ba abin ci ba ne. Wurin ajiyar kayan kwamfuta ne."

"Na ce maka yunwa nake ji? Kai ɗan nan, wa ya goya ka da uwarka ta yi ciwon baya?"

Na dubi Baffa ko zai cece ni. Ya gyara murya ya ce wanda ya halarci rabo ba a barinsa ya tashi hannu Rabbana. Sai daga baya na lura hukuncin ya haɗa har da shi kansa. Kafin in buɗe baki, maiɗakina ta ɗaga murya daga bayan ƙofa, ta ce a tuna da masu hura wuta. Rumbun da aka ce in raba biyu ya koma biyar.

Gwaggo ta ce ita ba ta son na tsakiya, domin gonar tsakiya kowa cin iyakarta yake yi. Baffa ma ya ce gefe yake so. Gefe biyu ne kawai, suka ɗauka, ita dama shi hagu. Ni mai abu aka tura ni tsakiya da kasona biyu, maiɗakina ta zama maƙwabciyata.

Na kai hannu zan danna, kwamfutar ta fito da gargaɗi cewa duk abin da ke cikin rumbun zai goge. Ashe mai shagon ya zuba min finafinai da wasannin dambe a matsayin gyara. Na karanta gargaɗin a bayyane, na ce ba komai, a goge. Maiɗakina ta ce daga bayan ƙofa akwai komai, ita ba ta kalli ko ɗaya ba.

Baffa ya ɗaga hannu. "Tana da gaskiya. Ba a raba gona da amfani a cikinta. Sai an girbe."

Haka aka ɗage rabo. Kullum bayan an sauke tukunya matan gidanmu da na maƙwabta su cika tsakar gida, a ɗora kwamfutar a kan turmi. Baffa ya ce shi ba ya kallon waɗannan abubuwa, amma zai zauna a bakin ƙofa don kada a taɓa iyaka kafin lokaci. Ranar da aka kai kan dambe, na gan shi yana kai naushi a iska da carbi a hannunsa.

Da aka gama girbi muka sake zama a zaure. Na fara yanka, ina rubuta girman kowane kaso. Na gama na Gwaggo zan ɗora nawa a jikinsa, Baffa ya riƙe min hannu.

"Ina burtali?"

"Wane burtali, Baffa? Ba shanu a ciki."

"Kayan da za ka zuba, ta ina za su wuce zuwa na ƙarshe? Ta cikin gonar mutane?"

Na so in yi bayani, na ga bayanin ya fi barin burtalin tsawo. Na bar ɗan fili tsakanin kowane kaso da ɗan'uwansa, wanda kwamfutar ta shafa wa baƙi ta rubuta cewa ba na kowa ba ne. Baffa ya ce yanzu na'urar ta fara hankali. Na sa wa kowane kaso sunan mai shi, aka shafa fatiha, Gwaggo ta kawo gyaɗa aka ci.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Juma'a sai ga Gwaggo ta ce in buɗe mata nata ta gani. Na buɗe, fari fat, ba komai. Ranta ya ɓaci, ta ce ba za a ce gonarta ta zama saura tana raye ba. Tun daga ranar na zama mai ɗaukar hoton awaki. Kowace sai an ɗauke ta ta gaba da ta gefe, in ta haihu a ɗauki 'ya'yan. Akwai wata ja mai karyayyen ƙaho da ba ta tsayawa, ita sai dai bidiyo. Shi kuma Baffa ya riƙa jana gonaki ina ɗaukar masa turaku da tushen gamba. A idona duk iri ɗaya ne, amma shi yana kallo zai ce wannan na gidan wane ne, an matsar da shi taku ɗaya bara. Maiɗakina ta cika nata da zanen lalle da samfurin ɗinki tun kafin kaka.

Matsalar ta fito ne daga wajena. Saboda rabon ya yi yawa, kason da na ware wa kwafin tsaro ya yi kaɗan, wata rana kwamfutar ta ce ya cika, ba za ta ƙara ba. Na duba, na Gwaggo ne kaɗai ke da sauran fili mai yawa. Zan iya zubawa a ciki ba wanda zai sani, amma na san ranar Juma'a za ta gani. Na same ta tana ba awaki dusa, na durƙusa na nemi aro.

Ta daɗe tana juya dusar. Sannan ta sa aka kira Baffa ya shaida cewa aro ne, ba kyauta ba.

"Kuma ka ji da kyau," in ji ta. "Takardu za ka zuba, ni kuwa awaki ne a ciki. Akuya tana cin takarda. In sun cinye, ba ruwana."

Na ce na yarda.

Ba su ci ba. Da kwamfuta ta biyu ta mutu don tsufa, na ari ta shugaban makarantarmu na jona rumbun, komai ya dawo, har wanda ke cikin awaki. Gwaggo ta zaga gidajen unguwa tana faɗin cewa ita ta ceci jarrabawar yaran garin nan.

Bara jikarta ta samu makarantar koyon jinya a Kano. Ranar tafiya kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wannan ƙuli-ƙuli, wancan turmin atamfa. Gwaggo ta kira ni gaban mutane, ta ce ta ba yarinyar rabin kasonta don ta zuba karatunta, in ɗauko wuƙa in yanke mata ta tafi da shi. Na ce ba ya yankuwa, in aka sa masa wuƙa na kowa ya lalace. Ta juya wajen Baffa, shi kuma ya ce gaskiya ne, ko gona ma ba a naɗe ta a kai birni. Yarinyar ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta yi godiya, ta ce za ta riƙa zuwa duba abinta lokacin hutu. Gwaggo ta ce to shi ke nan, amma ta sani ja mai karyayyen ƙaho ba ta cikin kyautar.