Kiɗan Gem Ɗin Da Ya Firgita Inna

Ina kunna gem ɗin yaƙin da na aro a talabijin, kiɗan faretinsa ya cika gidanmu na Makarfi.

Zamanin mulkin soja ne, irin kiɗan da rediyo ke sawa ke nan in an yi juyin mulki. Yayana Sale kuwa soja ne.

Inna ta faɗo ɗakina a guje. "Sun sake, ko? Sale yana wane ɓangare?"

"Inna, wasa ne fa!"

"Waɗanda aka harbe ma, kiɗa iyayensu suka fara ji."

Na fizge wayar gem ɗin daga bango.

Masu cewa kiɗan gem na da ya fi na yanzu daɗi, ku rufa min baki! Ku wane sauti ne har yau yake faɗar muku da gaba?