Lig ɗin Yaya da Akusan Kusada

Shekarar da na gama makarantar 'yan mata na dawo gida Kankiya, ina jiran a kira ni horon malanta, ita ce shekarar da Yaya ya kawo mana lig. Turawa na nan a lokacin. Di'o, Baturen mulki, yakan biyo ta hanyar Kano zuwa Katsina a motarsa, mu leƙa ta katanga mu ga hularsa ta wuce. Yaya shi ne babban wanmu, malami a makarantar elementare, siririn mutum mai yawan tunani. Ni ce auta, kuma ba ni da aiki a ranin nan sai taya Inna girki da kallon inuwar ceɗiya tana zagaya tsakar gida.

A ƙarƙashin ceɗiyar Yaya ya fara yi mana bayani, yana zane a ƙasa da kara. Ya ce a can Ingila, da farko ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa kofi kawai suke yi, irin na sili ɗaya ƙwale: aka doke ka sau ɗaya, ka koma gida sai baɗi. Daga baya ƙungiyoyi goma sha biyu na garuruwan masaƙu da maƙera suka zauna suka yi shawara, kowa zai kara da kowa sau biyu, sau ɗaya a garinsa, sau ɗaya a garin abokin karawarsa. Wanda ya yi nasara maki biyu, in aka yi kunnen doki kowa ɗaya. A ƙarshen shekara a duba tebur, na sama shi ne zakara. Da ƙungiyoyi suka yawaita sai aka yi aji-aji, na ƙarshe a ajin sama ya sauko, na farko a ajin ƙasa ya hau. Har albashi ake biyan 'yan wasan.

Baba ya ɗago kai daga carbinsa. "Albashi? A biya ƙato don ya bi fata a guje?"

"Ana biya, Baba."

"Allah Ya kyauta."

Ni abin da ya kama zuciyata daban ne. Wai a kayar da kai yau, amma ba a kore ka ba, mako mai zuwa kana da wata dama. Na ga tausayi a cikin tsarin, kamar gona da ake ba ta wata damina.

Ƙwallon fata ɗaya ce tak a duk yankinmu, mai igiya a baki, kuma ta makaranta ce, tana kulle a kabad ɗin hedimasta. Hedimasta dattijo ne da ba ya son hayaniya. Ya ba Yaya aronta na rani ɗaya da sharaɗi: in aka gama aka nuna masa garin da ya fi, to, abin yana da kai, a ci gaba kowace shekara. In kuwa aka ƙare ba a san na gaba ba, ƙwallo ta koma kabad, kada a sake yi masa maganar lig.

Gari huɗu suka shiga: Kankiya, Kusada, Bauranya da Rimaye. Samari ne manoma da suka gama girbi, da teloli, da masu dakon kaya a bakin hanya. Yaya da kansa yake jagorantar na Kankiya. Wasa ɗaya kowace Lahadi bayan la'asar, goma sha biyu gaba ɗaya, a gama kafin ruwan farko ya kira kowa gona. Ni aka ba aikin zana tebur saboda rubutuna ya fi nasa kyau. Kowace Litinin in ja layuka da rula a kan farar takarda, in rubuta sunayen garuruwan, in sa maki. Ban taɓa ganin Rimaye da idona ba, amma na san ta a layi na huɗu, kuma nakan ji kewarta in ta daɗe ba ta motsa ba. Yawan ƙwallayen da aka jefa ba mu rubuta shi, don ba a taɓa tashi wasa gari biyu sun yarda da lissafi ɗaya ba.

Inna ba ta kallon takardar. Yaya ɗanta ne na fari, kunya ba ta barinta ta nuna ta damu da al'amarinsa. Sai dai in muna tsince wake ta ce, ba ta dube ni ba, "Su mutanen naku ina suka kwana a takardar?"

Wajen mako na shida Yaya ya lura da abin da ke faruwa. Ba baƙon da ya taɓa yin nasara. Ko kunnen doki ba a taɓa yi ba. Duk garin da aka je, masu gida ne ke doke baƙi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙi sukan taso da asuba, wasu a ƙasa wasu a keke, su iso wajen azahar. A wurinmu kuwa ba a barin wanda ya sha hanya ya zauna da yunwa, kuma ba a mayar da akushi da abinci a ciki. Da Rimaye suka zo mana, tuwon dawa da miyar kuka da man shanu aka kai musu zaure, aka bi da fura. Da namu suka je Bauranya sai aka yanka kaji, don kada a ce Kankiya ta fi su karamci. Daga nan kowane gari ya shiga ƙoƙarin wuce na baya. Masu gida kuma ba sa zama ci tare da baƙo, sukan ajiye masa abinci, su ba shi wuri ya sake. Sai la'asar ta yi, baƙi su fito fili ciki ya yi nauyi, ido na lumshewa, masu gida su fito sakayau kamar barewa.

Yaya ya bi dattawan garuruwan yana roƙo a jinkirta abincin sai an tashi wasa. A Bauranya wani tsoho ya ce masa, "Malam, mu bar 'ya'yan mutane da yunwa tun safe, sannan mu sa su gudu? In labari ya kai garinsu mu sa fuskarmu ina?" Nan maganar ta tsaya.

Bayan wasa na goma sha ɗaya na zana tebur. Rimaye shida, Bauranya shida, duk sun gama nasu. Kankiya shida, Kusada huɗu, kuma wasan da ya rage shi ne namu a Kusada. In Kusada ta yi nasara kamar yadda kowane mai gida ya saba, gari huɗu za su tashi da maki shida-shida, ba zakara, ƙwallo ta koma kabad. Kunnen doki kaɗai ya ishe mu. Yaya ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tara 'yan wasansa ya ce ranar Lahadi ba wanda zai sa komai a bakinsa sai ruwa har a tashi.

Abin da bai faɗa musu ba, amma duk mun sani, shi ne gidan da ake saukar baƙi a Kusada gidan kakarmu ne, mahaifiyar Inna.

Ni da Inna muka riga su tafiya da kwana biyu, a kan jakuna. Gonaki duk an share, shanun Fulani na kiwo a cikin sauran kara, zafin bazara ya fara sauka. Mun tarar Kaka ta riga ta tayar da gida. An jiƙa gero, an aika ruga a kawo kindirmo, an kama zabi shida an ɗaure. Matan maƙwabta sun cika tsakar gida, taɓare na tashi suna sauka. Na so in gaya mata abin da Yaya ya shirya, na buɗe baki sau biyu, na kasa.

Ranar Lahadi suka iso da azahar, aka sauke su a zaure. Muka jera akusa da ƙore a gabansu, muka fito. Shiru. Ba ƙarar ludayi, ba a nemi ƙarin miya ba. Can sai ga Yaya ya shigo gaida Kaka, ya durƙusa a bakin tabarmarta.

"Angon nawa ya iso?" in ji ta. "Matso in gan ka. Kai, dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Da waɗanga ake gudun?"

"Da su na zo neman aurenki, Tsohuwa, ba ki ƙi ba."

"Don ba ni gani sosai ne. An ce mini hannunku bai taɓa akushi ba. Miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi, tun daga bakin gari muke jin ƙamshinta. A ajiye mana ne kawai, sai an tashi wasa."

"A ajiye? Tuwona ne zai zauna jiran tamaula?"

"Na yau kaɗai, Tsohuwa. In muka ci, aikina na rani guda ya lalace."

Na zaci za ta yi masa tsiya irin wadda suka saba. Ba ta yi ba. Ta dube shi, ta dubi matan da suka kwana biyu suna daka, waɗanda duk suka tsaya cak da aikinsu. Sannan ta ce da ni a hankali, "'Yar boko, tahi ki kwaso mini kayana."

Ban taɓa jin nisan tsakar gidan nan ba sai ranar. Na shiga zaure, samarin Kankiya suka sunkuyar da kai. Na ɗauki akushi na farko na ɗora a ka, da ɗuminsa da nauyinsa. Na san abin da ake nufi da akushi ya koma cike a gaban matan unguwa. Za a riƙa faɗa a Kusada har bayan ranta, cewa jikanta ya zo da mutane goma suka ƙi abincinta. Ina tafiya ina rage sauri, ko Allah Zai kawo wani abu.

Yaya na tsaye a tsakiyar gida. Ya dubi akushin a kaina, ya waiwaya ya dubi Kaka. Ta juya mana baya tana gyara faifan da ba abin da ya same shi. Inna ta shige ɗaki.

Ya sa hannu biyu ya sauke akushin daga kaina. "Kawo, Auta. Samo mini ruwan wanke hannu."

Na bi shi da buta har bakin zaure. Ya zauna, ya buɗe faifai, ya ce, "Bisimilla."

"Malam, lig ɗin fa?" in ji golan Kankiya.

"Matso da miyar nan kusa."

Shugaban 'yan wasan Kusada ɗan kawunmu ne, taubashinmu, wanda tun muna yara ba ya ganin Yaya bai tsokane shi ba. Yana laɓe a bakin ƙofa yana kallon komai. Sai ga shi ya faɗo tsakar gida yana taka rawa.

"Kaka, Allah Ya ja da ranki! Kin gama mana aiki. A ƙara musu hura, a cika nono!"

"Wane aiki na gama muku?"

"Ai in suka ƙoshi ba su iya gudu. Kowane gari haka ake yi, mu dai mu shiga mu yi ta jefawa."

Kaka ta juyo gaba ɗaya. "Au, tuwon nawa ne sandar dukanku? Ni ina nan ina karrama mutane, ku kuna can kuna jiran su yi nauyi?"

"A'a, Kaka, ba haka..."

"Kai, rufe mini baki, mai kunnuwa kamar faifai. Tahi ka kira mini 'yan uwan naka duka. Akwai tukunya ta biyu."

"Haba Kaka, mai gida ya zauna ci da baƙo?"

"Wane ne baƙon? Wancan? A ɗakin can aka yanke masa cibiya, kai ko uwarka ba a auro ba. Gidanga ba baƙo yau. Ku duka nawa ne, ku duka za ku ci."

Ta sa aka kai mata kujera bakin zaure, ta zauna da sandarta a kan cinya. Samari ashirin da biyu suka haɗa gwiwa a kan akusa. Duk wanda ya tsame hannu da wuri sai ta nuna shi da sanda. Taubashin namu ƙwarya biyu ta sa ya shanye, ta biyun tana ƙirga masa ludayi.

Na kalli wasan ta saman darni, a tsaye kan turmi, ni da 'yan matan gidan. Ban taɓa ganin abu mai natsuwa irinsa ba. Rana ta karkata, inuwar mutane ta yi tsawo, ƙwallo na gangarawa a hankali daga ƙafa zuwa ƙafa kamar ana ba ta haƙuri. In ta yi nisa sai mutum biyu su tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya bi ta. Mai tsaron gidan Kusada ya jingina da sandar gola. Sau ɗaya taubashinmu ya samu ƙwallo shi kaɗai a gaban gida, ya ɗaga ƙafa, sai ya dafe ciki, ta wuce abinta. Mutanen gari suna ta ihu suna dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Hedimasta, wanda ya zo a keke don ya gani da idonsa, ya hura usur na ƙarshe ba wanda ya jefa ko ɗaya.

A ɗakin Kaka na ja layukan. Kankiya bakwai, Rimaye shida, Bauranya shida, Kusada biyar. Yaya ya kai wa hedimasta takardar tawada ba ta gama bushewa ba. Hedimasta ya karanta, ya sake karantawa, ya ce baɗi a nemi gari shida.

Taubashinmu ya shigo yana jan ƙafa, ya tsaya nesa da tabarmar Kaka.

"Kin ji daɗi, Kaka. Garinki ne na ƙarshe a takarda."

"Na ƙarshe a mi?"

"A lig."

"To, Allah Ya sa iyakar abin kunyarmu ke nan. Zo ka ɗauki akusan nan ka kai bakin rijiya, 'yan matan sun gaji."

Ya ce shi ba zai sake cin abincin gidan ba har abada. Washegari da safe, muna ɗaura wa jakuna kaya, na gan shi a bayan rumbu da kwanon dambu.