Manhajar da Ta Kusa Hana Kakana Aure

Lokacin da yayana ya kawo mini kyamara daga Kano, ban san komai a kan hoto ba sai son abin. Ta hannu ce, gefenta duk ya goge, igiyarta na ƙanshin turaren wanda ya riƙe ta kafin ni. Na rataya ta a wuya na zaga unguwarmu a Bebeji, na ɗauki kaji, na ɗauki tulu, na ɗauki ƙofar gidan maƙwabta har suka fara tambaya ko lafiya. Sai da na zauna duba abin da na ɗauko na gane ashe da sauran aiki. Wani hoton ya yi duhu, wani rana ta wanke shi, wani kuma ya karkace har ka ce katangar za ta faɗi. Dole sai an gyara, gyaran kuma sai da manhaja.

Nan fa kowa ya zama malamina. Yayana ya ce in ba babbar manhajar da masu situdiyo ke aiki da ita a birni ba, wasa nake yi. Ya sa mini ita a tsohuwar kwamfutata, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa. Kafin manhajar ta gama buɗewa kwamfutar ta ɗau zafi tana huci, kafin in gane maɓallin da zan taɓa an ɗauke wuta. Na haƙura da ita ba tare da mun taɓa gama hoto ko ɗaya tare ba.

Akwai wata ƙarama ta kyauta da na tsinta da kaina. Ba ta da hayaniya. Haske take ƙarawa ko ta rage, ta daidaita launi, ta miƙar da hoton da ya karkace, ta yanke gefe. Iyakarta ke nan. Na raina ta ƙwarai, don a ganina ba ta yin komai.

Sai ƙawata mai kwalliyar amare ta turo mini wata manhaja ta waya. Wannan ita ce sha yanzu magani yanzu. Dannawa ɗaya, fuska ta yi sumul, ƙuraje su ɓace, hanci ya miƙe, baƙi ya koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya koma fari tas. In kana so ta cire ka daga tsakar gidanku ta ajiye ka a gaban bene ko cikin furanni. Ni kuwa mutum ce mai gajen haƙuri, ko ruwan zafi na ɗora sai na yi ta buɗe murfi. Na ce ai na samu tawa, a bar maganar zaɓe.

Ana cikin haka kakana na wajen uwa ya zo gidanmu ran kasuwa. A bakin ruwan Tiga yake zaune, a ƙauyen da aka mayar da su tun yana yaro, lokacin da dam ya cinye garinsu na asali. Da can masunci ne, da ƙarfi ya ragu ya koma noman rani, albasa da tumatir. Kullum da rigar gona yake zuwa mana, amma ranar sai ga shi da babbar riga mai guga da hula sabuwa. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu yi wasan kaka da jika ba.

"Tsoho, ina zuwa da wannan gayu? An naɗa ka sarkin albasa ne?"

"Ke mai hoto, rufe mini baki," ya ce. "An ce kina da injin da ke mayar da tsoho yaro."

"Wa ya faɗa maka?"

"Gari duk ya ɗauka."

Ya yi ta kewaye-kewaye, sai mahaifiyata ce ta fasa ƙwan tana dariya. Wani mutum daga wajen Doguwa ya je sayen albasa a gonar Kaka, hira ta kai su ga asali, sai ga shi mahaifiyar mutumin 'yar tsohon garin su Kaka ce, gidansu ma katanga ɗaya. Tare suka yi wasan ƙasa. Da ruwa ya zo aka watse, ba su ƙara ganin juna ba. Mijinta ya rasu, shi ma Kaka tun rasuwar kakarmu shi kaɗai yake a sashensa, shi ke dafa shayinsa, shi ke hira da rediyo. Saƙon gaisuwa ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, har aka kai ga maganar zawarci. Ita ta ce kafin ya taso ya sha wannan doguwar hanya, a turo mata hotonsa ta wayar surukarta, ita ma za a turo nata.

Na zaunar da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya ƙame, ya haɗe rai, ya riƙe numfashi. Na yi ta ba shi dariya kafin na samu guda ɗaya da ya saki fuska. Sannan muka zauna a tabarma, na buɗe manhajar waya, shi kuma ya sa kai a kafaɗata yana ba da umarni. Na danna, tamojin goshinsa ya tafi. Furfurar gemu ta koma baƙa. Haƙoran da goro ya rina suka yi fari, giɓin da ke gefe ya cike. Manhajar ta ga kunnuwansa sun yi faɗi, ta matse su ba tare da an tambaye ta ba.

"Allahu Akbar," in ji Kaka. "Ƙara."

Na nuna masa wuraren da za a iya ajiye shi. Ya tsallake furanni, ya tsallake bakin teku, ya dangwala yatsa a kan wani bene na gilashi da baƙar mota a gabansa.

"Sa ni nan."

"Kaka, ko keke ba ka da shi."

"Ina da jaki. Shi ma ƙafarsa huɗu."

Mahaifiyata ta leƙo ta kalli wayar, ta kalli mahaifinta, ta ce, "Baba, wannan ai ɗan takarar majalisa ne." Bai kula ta ba. Ni ma ban kula ta ba, don daɗin aikina nake ji, kaina ya yi girma. Muka tura.

Bai kai ga tafiya gida ba amsa ta shigo. Hoton wata mace ce fara sol, idanu dara-dara, haɓa siririya, kumatu ko layi ɗaya babu, ga jajayen furanni sun kewaye ta. Kallo ɗaya na yi na gane furannin, su ne waɗanda Kaka ya tsallake ɗazu. Na fashe da dariya, na ce ai su ma irin manhajarmu gare su. Na juyo in ga yana dariya, sai na ga yana kallon wayar, hannunsa na shafa gemunsa na gaskiya.

"Ashe ita ba ta tsufa ba," ya ce a hankali.

"Kaka, gyara ne. Yadda na yi maka haka aka yi mata."

"Ni na san abin da aka rufe a nawa. Nata fa? Inji ba ya ƙirƙiro abin da babu."

"To motar fa, daga ina ta zo?"

Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ce rana ta yi, kada ya rasa mota. A ƙofa ya ce wa mahaifiyata a bar maganar nan, ba zai je ya tsaya gaban mace irin wannan da bakinsa mai giɓi a yi masa dariya ba.

Kwanaki suka wuce, daga Doguwa ma shiru. Kawuna da ke zaune kusa da shi ya ce tsohon ya daina zuwa majalisar yamma, daga gona sai ɗaki. Abin ya dame ni sosai. Kaka mutum ne mai surutu, wanda ko jakinsa ba ya bari ya huta da labari, kuma tunda kakarmu ta rasu ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar da ya zo da babbar riga ba. Na ɗauki waya na kira surukar matar, wadda ta turo hoton. Muka gaisa, na yi ta lalube, can na tambaya ko Inna ta ce wani abu.

"Ta ce fa," in ji ta. "Ta ce ita mai sai da daddawa ina ita ina Alhaji mai gidan gilashi? Wai in ta shiga gidan nan ko inda za ta shanya kalwa babu. Ta ce a ba shi haƙuri, ya nemi daidai da shi."

Na ce mata Alhajin jaki gare shi. Ta ce ai ita ma Innar, rabonta da fari irin wannan tun ranar da aka haife ta. Muka yi ta dariya har katina ya ƙare.

Ran asabar na rataya kyamara na hau motar Tudun Wada, daga nan na samu ta Doguwa, sannan ɗan acaɓa ya ɗauke ni ta wata hanyar daji mai duwatsu da ta kusa zazzage mini hanji. Kafin in taso na ɗauko hoton Kaka na asali, na sa shi a ƙaramar manhajar nan da na raina. Inuwar darbejiya ta rufe masa rabin fuska, na ƙara haske kaɗan. Hular ta karkace tare da hoton, na miƙar. Ban da wannan ban taɓa komai ba.

Na sami Inna a tsakar gida tana mulmula daddawa a faranti. 'Yar ƙarama ce, baƙa, da zane a kumatu, ga baki kamar reza. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana ƙare mini kallo.

"Ke ce jikar mai benen?"

"Ni ce, Inna. Amma benen ya rushe. Ga abin da ya rage."

Na miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zani, ta kai wayar nesa da ido, ta dawo da ita kusa. Sai kafaɗunta suka fara rawa saboda dariya.

"La ilaha illallahu. Kunnuwan nan suna nan ashe! Ai su na nema a wancan ban gani ba, na ce wannan ba shi ba ne, ko kuwa kuɗi ne suka shanye su. Da su muke tsokanarsa, ya bi mu da gudu har bakin rafi." Ta ƙara dubawa. "Ya tsufa, wallahi. Wa ke masa wanki? Dubi wuyan rigar."

Da na ce zan ɗauke ta, ta ce sai ta sa mayafin Sallah. Na ce ta sa. Ta koma kan kujerarta 'yar tsugunno a ƙofar ɗaki, ta ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ta ce in yi sauri kada ƙudaje su gama da daddawarta. Ta gargaɗe ni kuma, in na kuskura na mayar da ita Balarabiya irin yadda surukarta ta yi, kada in ƙara tako mata gida.

Da na dawo na zauna da hoton. Gaskiya hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Ga layuka a gefen idonta, ga wata jijiya a wuya, na san dannawa ɗaya ta ishe su a waya. Amma a ƙaramar manhajar na buɗe shi, ita kuwa ba ta da wannan maɓallin ko da na nema. Na ɗaga hasken da ke ƙarƙashin mayafin har idanunta suka fito, na rage jan da bangon ƙasa ya watsa mata, na yanke bindin akuyar da ya shigo ta gefe. A ranar na gama zaɓen da na daɗe ina yi. Na san halina, na san in maɓallin yana kusa sai na danna, don haka na zauna da wadda ba ta da shi. Har yau da ita nake aiki, ko da yake amare kan yi mini ƙorafi, wasu ma su ƙarasa gyaran da kansu a gida.

Na kai aka wanke hoton a takarda, don Kaka ya ce ya daina yarda da abin da ke cikin waya. Na same shi a gona da hantsi, yana buɗe wa albasa ruwa, ƙafafunsa duk taɓo.

"Mai hoto, me kuma kika zo ɓatawa?"

"Saƙo na kawo daga Doguwa. An ce a gaishe da kunnuwanka."

Ya ɗago da sauri. Na miƙa masa. Ya dauraye hannu a ruwan kwata, ya goge a riga, ya karɓa da bakin yatsu. Na riga na tanadi tsokana kala-kala, amma da na ga yadda yake kallon takardar sai na haɗiye su. Ya daɗe a tsaye, ruwa na ta wucewa ya cika kunyar albasar da ya buɗe har ya fara malala.

"Fuskar uwarta ce sak," ya ce. "Haka take zama a ƙofar ɗaki, hannu a gwiwa, in mun dawo daga kiwo ta ba mu ɗumame. Har zanen." Ya juya ya kalli wajen da dam ɗin yake shimfiɗe, fari fat har iyakar gani. "Tunda ruwan nan ya rufe garinmu ban ƙara ganin wani abu na cikinsa ba. Ko bishiya. Sai yau."

Ya sa gefen hannu ya share ido. Na ce, "Kaka, kuka kake?"

"Albasa ce."

"Albasar da ke cikin ƙasa?"

"Ke dai kin cika surutu." Ya buɗe aljihun gaban rigarsa ya sa hoton a hankali, ya dafe shi da tafin hannu. Sannan ya sunkuya ya toshe ruwan da ke malala. Bai ɗago ba ya ce, "Ki ce wa uwarki ta nemo mini goro mai kyau, fari, kada ta yi mini rowa. Jibi za mu Doguwa."