Ƙafar Kujerar Kaka

Idan aka bi ta bayan majema, warin jiƙaƙƙiyar bagaruwa yakan sa mutane su toshe hanci, ni kuwa sai in rage sauri. Warin nan yana mayar da ni tsakar gidanmu na Dakoro, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, shekarar da kakata ta yi wata uku tana fama da ƙafar kujera.

Kakar nan, mahaifiyar babana, makitsiya ce. Tana da kujera ƴar tsugunno wadda ubanta ya sassaƙa mata da icen ƙirya a Kornaka tun tana budurwa, kuma a kanta take zama ta yi wa matan unguwa kitso. Ba zan iya faɗa maka launin kujerar da kalma ɗaya ba. Ba baƙa ba ce, ba kuma ja ba, ta fi kama da dabinon da ya daɗe a buhu. Man shanun hannunta da hayaƙin madafa ne suka mayar da ita haka, shekara da shekaru.

Cikin marka, katangar madafa ta jiƙe ta faɗo, ta karya wa kujerar ƙafa ɗaya. Masassaƙin unguwa ya sa mata wata. Aikin ya yi ƙarfi, sai dai ya ce ƙirya ta yi wuyar samu, aduwa ya sa. Ƙafa uku masu duhu, ɗaya fara tas.

Ƙanen babana, wanda muke kira baba ƙarami, yana fataucin wake zuwa Maraɗi. A makon ya dawo da gwangwanin shuɗin fenti ya shafe ƙofar zaure. Da ya ga ya rage, ya ce wa kaka a shafe kujerar baki ɗaya a huta, ba wanda zai gane tsohuwa ce. Ba ta ɗago daga kan da take tsefewa ba.

"To ai shi ne ban so," in ji ta. "Baƙo shi ka koyon halin gida. Ƙafa za ta bi kujera, ba kujera ta bi ƙafa ba."

Ni kuwa shuɗin ya shiga raina. Ranar da kaka ta tafi barka, na tattauna bakin kara, na tsoma a gwangwani, na shafe sabuwar ƙafar, har fenti ya ɗiga a mazauni. Na zauna ina jiran yabo. Da ta dawo ba ta doke ni ba. Ta miƙo mini guntun kwalba da ganyen baure mai kaushi, na kwana uku ina kankare ƙafar. Amma ɗigon da ya taɓa tsohon ice ba ta yarda na kai masa kwalba ba. Da farce da man gyaɗa ta cire shi a hankali, domin a cewarta duk abin da aka kankare a nan, ba kasuwar da ake sayar da shi.

Daga nan ta karɓo ragowar aduwar wajen masassaƙi, ta tsattsaga. Ta jiƙa bagaruwa da tsoffin ƙusoshi masu tsatsa, ta shafa a guntu ɗaya, ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Ta dafa karan dafi irin na dukawa, ya fito ja kamar lalle. Takan jera guntayen kusa da kujerar ta duba da hantsi, ta sake dubawa da la'asar, don launin da ya dace a inuwa yakan tona kansa a rana. Duk tsawon lokacin a kan kifaffen turmi take kitso, ƙugunta yana ciwo. Masu zuwa kitso suna yi mata dariya. Baba ƙarami ya kawo mata kujerar ƙarfe, ta mayar da ita wurin kife ƙorai.

A ƙarshe ta gano kan abin: ja sau biyu, tsinkakken baƙi sau ɗaya, sannan ta rataye kujerar a madafa ta sha hayaƙi, kullum ana murza ƙafar da tsumman man shanu. Sai da aka gama ɗaurin dammunan gero ta sauke ta. Ta kira baba ƙarami ta ce ya nuna mata sabuwar ƙafar. Ya juya kujerar, ya sake juyawa, ya ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Wagga ubana ya sassaƙa ta," ta ce. Ta karɓi abarta ta zauna, ta ce in kira mai jiran kitso.

Kaka ta daɗe da rasuwa, kujerar tana hannuna. Bara mazauninta ya tsage, na kai wa wani kafinta ya cike tsagar da ice. Ina tsaye ya jawo injin gogewa, wai zai fere ta duka ya feshe ta da ruwan ƙyalli, haka kowa yake so yanzu. Na cire ta daga hannunsa. Ban ga laifinsa ba. Gidajenmu sun cika da kujerun roba da katakon da ke kumbura a damina ɗaya, abin da ya karye a jefar, ba wanda yake zama da kaya har ya san launinsu. Karan dafi ma sai da na aika garin Ɗan Gulbi aka samo mini.

Sau huɗu ina gwada rinin kaka, facin har yau ya fi sauran haske. Ɗiyata ta ce in haƙura haka nan, ba mai leƙawa ya gani. Na ce mata ni ina gani, kuma idona bai mutu ba tukuna.