'Yar Bindigar Baudilio Mai Gyaran Firij

A garinmu, nan yankin Zacapa na ƙasar Guatemala, namiji ba ya ɓoye bindigarsa. A ƙugu yake soke ta, gindinta a waje yana ƙyalli, ya je kasuwar shanu da ita, ya je gidan aski da ita, wani har bakin coci. Baudilio Sagastume kuwa ya haura arba'in bai taɓa riƙe ƙarfen da ya wuce sukudireba da filaya ba. Gyaran firij da fanka yake yi, kuma a garin da zafi ke lanƙwasa kyandir tun ba a kunna shi ba, mai wannan sana'a ba ya zama haka nan. Shagonsa na kallon teburin da nake sayar da cuku. Layi ɗaya muka tashi, ni na riƙe 'yarsa Maribel ranar baftismarta, shi ya sa yake ce mini komadre, ina ce masa kompadre.

Gajere ne, mai sanyin magana, yana aiki yana yi wa firij hira kamar mara lafiya. Babu gidan da bai shiga ba a garin. Mata sukan bar shi shi kaɗai a ɗakin girki su tafi kasuwa, su dawo su tarar ya gama, har ya ɗaure musu hannun tukunyar da ya kwance.

Abin ya fara ne daga ƙanensa Ovidio, manomin kankana. Shanun gidan Aldana suka karya shinge suka shiga gonarsa, aka yi cacar baki, Nery Aldana ya harbe shi a bakin gonar ya gudu daga garin. Yayan Nery, wato Amílcar, bai je ko'ina ba. Yana nan yana sayar da shanunsa, bindiga a ƙugu.

Bayan an gama addu'o'in mamaci, kawunsu Don Chindo (a wurinmu Don laƙabin girmama namiji ne, na mace kuma Doña) ya zo gidan, ya ajiye wata ƙatuwar bindiga a kan tebur kusa da kofin kofi. Ina wurin, ina taya Zoila matar Baudilio wanke-wanke.

"Ɗauki," in ji Don Chindo.

"Kawu, in na ɗaura wannan, gobe Amílcar zai ce shi nake nema."

"In ba ka ɗaura ba, zai ce maza sun ƙare a gidan Sagastume. Wanne ka fi so ya ce?"

Baudilio ya dubi mahaifiyarsa, Doña Edelmira, wadda ke zaune cikin baƙaƙen kaya. Sai ya ture bindigar gaban kawun. Don Chindo ya tafi da bindigarsa yana tsaki.

Amma tsoro ya riga ya shiga Baudilio. Ya tafi birni, ya yi ta zirga-zirgar lasisi, ya dawo da wata 'yar mitsitsiyar bindiga da tafin hannu ke rufe ta. A bayan shago ya nuna mini ita, yana yaba ta kamar shi ne mai sayarwa.

"Dubi, komadre, ba nauyi. Na sa ta a aljihu, kin ga wani abu? Ba ki gani ba. Zan shiga gidajen mutane ba wanda zai firgita. Amílcar zai gan ni kamar yadda ya saba ganina. In kuma aka tare ni, ba hannu biyu zan tsaya ba."

Da Don Chindo ya gan ta, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Wannan ta kunna sigari ce, ko ta korar sauro? Kai Baudilio, ko mahaifiyarka ai ta fi ƙarfin wannan!"

Don Chindo ya kai shi bakin kogi ya gwada ta. Abin da mai kantin da ya sayar masa da ita bai gaya masa ba ke nan: ƙanƙantarta ba ta hana ta zabura a hannu ba, babu ma wurin riƙo sosai, ɗan yatsansa na ƙarshe a iska yake. Harbin farko ta tsage masa fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Gwangwanin da suka kafa kuwa, sai da ya matso kamar zai gaisa da shi sannan ya same shi. Harsashinta kaɗan ne, kafin ka ce me sun ƙare. Ga gumin garinmu, ba ta yi wata ba tsatsa ta fara cin ta, kullum da yamma sai ya shafa mata man da yake sa wa fanka. Tana huda aljihu, Zoila na bi tana faci. In ya tsuguna bayan firij, wanda rabin aikinsa ke nan, wandon yakan matse ta har hannu ba ya shiga.

Na ce masa, "To kompadre, amfaninta me?"

Ya ce, "Amfaninta babu wanda ya san tana nan."

Kuma gaskiya ta yi masa amfani na wani lokaci. Ya koma yin barci. Ana kiransa aiki kamar da. In suka haɗu da Amílcar a dandalin gari, kowa ya taɓa hularsa ya wuce. Sai dai ya daina zuwa wanka kogi ran Lahadi, don babu inda zai ajiye wandon. In Maribel ta rugo za ta rungume shi, sai ya juya mata gefen hagu. A coci ya koma zama a ƙarshen benci, kusa da ƙofa.

Wata rana da hantsi Doña Tránsito, mahaifiyar su Amílcar, ta aiko a kira shi. Ƙanƙara mai zaƙi take sayarwa a gida, babban firij ɗinta ya tsaya. Shi ya saba gyara mata shi tun kafin rigimar. Zoila ta ce kada ya je. Shi kuwa ya ɗauka tsohuwar hannu take miƙo masa, in ya ƙi, ya ƙi sulhu ke nan. Ya tsallako wurina da jakar kayan aikinsa.

"Komadre, in tafi da ita ko in bar ta?"

"Bar ta nan, in rufe ta da mayafin cuku."

Ya ajiye, ya tafi. Bai kai kwanar layin ba ya juyo, ya ɗaga mayafin ya mayar da ita aljihu.

"Ƙafata ta ƙi tafiya," ya ce, bai dube ni ba.

Abin da ya faru a can, shi ya ba ni labari, kuma abin da surukar Doña Tránsito ta baza a kasuwa bai saɓa da nasa ba. Yana kwance a gefensa a bayan firij, hannunsa cikin injin, Amílcar ya shigo cin abincin rana ya zauna a tebur. Baudilio ya gaishe shi daga kwancen, ya amsa. Da ya muskuta zai ɗauko filaya, bindigar ta sulale daga aljihu, ta zame a kan tayil, ta tsaya a gindin kujerar Amílcar.

Amílcar ya ajiye cokali. Ya ɗauke ta da yatsu biyu, ya juya ta, ya zazzage harsasan a tafin hannunsa.

"Baudilio, da a ƙugu ka zo da ita kamar kowa, da na ce ka ajiye a bakin ƙofa, mu sha kofi. Amma ka ɓoye ta ka shigo ɗakin girkin uwata."

"Don Amílcar, ba don kai ba ce."

"To don wa? Don firij?"

Doña Tránsito ce ta yi magana daga bakin murhu. "Ka bar shi ya gama, kayana na narkewa."

Haka Baudilio ya ƙarasa aikin, Amílcar na zaune yana kallon bayansa. Da firij ya tashi, Amílcar ya miƙa masa bindigar babu komai a ciki, ya zuba harsasan a aljihun rigarsa. Ya ce daga yau kada ya sake ganinsa a tsallaken dandali, ɓangaren gidajen Aldana.

Kafin yamma gari ya ɗauka. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne ɓoyewar. Matan da ke barin shi shi kaɗai a gida suka fara tambayar juna sau nawa ya shigo musu da ita. Kiran aiki ya ragu, ya zo ya tsaya. Don Chindo kuma, maimakon ya kashe wutar, sai ya shiga mashaya yana bugun ƙirji. "Kun raina ɗana, ashe maciji ne! Har cikin gidansu ya bi su!" Duk abin da ya faɗa, kafin gari ya waye ya isa kunnen Amílcar.

Baudilio ya yi ƙoƙarin rabuwa da ita. Ya kai wa fada, limamin cocinmu, ajiya, ya roƙe shi ya gaya wa gidan Aldana. Fada ya je ya faɗa. Amílcar ya ce, "Wannan ya ba ka. Ɗayar fa?" Babu wata ɗaya, amma wa zai shaida? Baudilio ya zauna sati guda babu ita, duk babur ɗin da ya rage gudu a layin sai ya faɗa bayan kanta. Daga ƙarshe ya koma ya karɓo abarsa, ya sayo harsashi.

"Komadre," ya ce da ni, "mai babbar bindiga in ya cire, kowa ya ga ya cire. Ni ko a kogi na jefa wannan, a idon mutane tana aljihuna. In za a harbe ni a kanta, gara a same ta a jikina."

Zoila ta ce su koma babban birnin Guatemala wurin yayarta. Doña Edelmira ta ce ba ta barin kabarin Ovidio. Don Chindo ya ce in suka tashi, gudu suka yi, kuma shanun Aldana za su kwana a gonar. Baudilio ya sa aka yi wa shagon ƙofar ƙarfe mai sanduna. Ya daina fita aiki, sai abin da aka kawo masa, yawanci fanka da dutsen guga, don ba kowa ke iya ɗauko firij ba. Ya jera matattun firij a tsakiyar shago, ya sa kujerarsa a bayansu, inda yake ganin titi titi ba ya ganinsa.

Bara Doña Edelmira ta rasu. Maƙabarta tana ɓangaren Aldana, sai da fada ya sake zuwa roƙo. Amílcar ya ce ya zo ya binne uwarsa, amma hannayensa su kasance a waje. Baudilio ya ɗauki kusurwar akwatin a kafaɗa, hannu biyu a sama, tun daga coci har kabari bai yarda an canje shi ba. Amílcar da mutanensa na jingine da katangar maƙabarta, sun cire huluna.

Mun ɗauka yanzu zai tashi. Zoila har ta ɗaure kaya. Sai labari ya zo cewa a babban birnin aka ga Nery, a unguwar da ba ta da nisa da ta yayarta. Ko gaskiya ne ko ƙarya, babu wanda ya tabbatar. Baudilio ya ce a nan aƙalla ya san fuskar kowa da ƙarar babur ɗin kowa. Zoila ta tafi da Maribel saboda makaranta, tana zuwa ƙarshen wata.

Ni nake kai masa abincin rana yanzu, baƙin wake da cuku da tortiya mai zafi, gurasarmu ta masara. In na tsallaka, yakan leƙa dama, ya leƙa hagu, sannan ya buɗe ƙofar daidai shigar kwano. Wani lokaci yakan tsayar da ni ya tambayi wa ya mutu, wa ya yi aure, ko an gama gyaran gadar nan ta bayan kasuwa. Ina gaya masa a tsaye, sanduna a tsakaninmu, har sai wani ya zo sayen cuku in koma.