Na Zaga Neman Gafara, Aka Zaci Makka Za Ni

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da abin nan ya same ni, ni ce mai ƙuli-ƙuli da man gyada a unguwarmu a Gwarzo, haifaffiyar Getso, mace mai baki, wadda ba a taka ta ta yi shiru. Ina ganin babu abin da zai firgita ni a duniya. Sai ga wani ƙullutu a nonona na hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Aka tura ni asibiti a Kano, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ta ce sankarar mama ce, amma an gano ta da sauran dama, in dawo a yi mini aiki. Wallahi kalmar sankara kaɗai kunnena ya ɗauka. Na dawo gida na ce wa maigidana ƙurji ne.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Ina cikin suya sai in tsinci kaina ina kallon autata, ina tunanin wa zai riƙa yi mata kitso. Na yanke a raina ba zan koma a yanka ni ba, tunda mutuwa ce gara in tafi da jikina cikakke. Sai na shiga bin dangi gida-gida ina neman gafara, daga Getso zuwa Lakwaya, har Masanawa wurin gwaggona. To a wurinmu, mai lafiya da ke yawon neman yafiya ai maniyyaci ne. Kafin in ankara gari ya ɗauka na samu kujerar Makka. Ana ta kira na Hajiya, wannan ta ce in sa ta a addu'a, waccan ta ce kada in manta mata da zamzam. Ni dai sai yaƙe.

Gidan da na bari a ƙarshe na maƙwabciyarmu ne, wata malamar firamare, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda muka taɓa yin sa-in-sa saboda akuyata ta cinye mata alayyafo. Ta saurare ni tsaf, ta ce ta yafe tuntuni, amma ita ta ga maniyyata da yawa, ba ta taɓa ganin wadda hannunta ba ya barin ƙirjinta a ƙarƙashin hijabi ba. Nan na fashe da kuka na gaya mata komai. Ta tashi ta tura ƙofa, ta ɗaga rigarta. Gefe guda na ƙirjinta a shafe yake, sai dogon tabo, da ɗan tsumman da ta ɗinka take cike gurbin da shi.

"Ni ma sankarar ce, tun kafin mu zo garin nan aka cire nonon," in ji ta. "Kin taɓa ganin na fasa daka?"

Allahu Akbar! Matar da nake gani kullum tana jan ruwa a rijiya, tana rainon 'ya'yanta, tana faɗa da ni a kan akuya. Na miƙa hannu na taɓa tabon, na ji ɗumi, jikin mai rai. Ta ce tsoron ba ya tafiya gaba ɗaya, amma yana raguwa in an faɗe shi. Ta biyo ni gidanmu, tana zaune na gaya wa maigida gaskiya, kuma ita ta raka mu Kano.

An yi aikin, na sha wuyar allurai, gashina ya zube ya sake fitowa. Har yanzu ina zuwa a duba ni, kuma duk lokacin da ranar ta matso gabana yakan faɗi, sai in ɗauki gyada in tafi gidan malama mu ɓare muna hira. Na gane tawakkali ba ƙin magani ba ne, kuma ɓoyewa ce ta fi ciwon cin raina. 'Yan uwana mata, in likita ta ce ki dawo, ki koma, kuma ki gaya wa wani. Ni dai ban je Makka ba tukuna, amma sunan Hajiya ya bi ni, ina kuma amsawa. Kitson autata kuwa, ni nake yi mata.