Tsumman da Auta Ya Kai Majalisa

Har yau in na ji wani ya ce ƙanena ya yi wauta, sai in ji kaina ya ɗauki zafi. Wauta? To ku masu wayon, me kuka taɓa shukawa ya fito? Ni ce babbar yayarsa, a bayana ya yi wayo, don haka ku gyara zama ku ji daga bakina.

Mu bakwai Inna ta haifa, shi ne na ƙarshe, shi ya sa har ya yi furfura Auta muke ce masa. Yana rarrafe mahaifinmu ya rasu, ya bar mana gonar masara ɗaya da fartanya biyu. Inna ce ta riƙe gonar, kuma tana da wata ɗabi'a da ko ciwo ba ya hana ta. Kafin shuka sai ta zura hannu can tsakiyar buhun iri, ba bakinsa ba, ta ɗebo ƙwaya ɗari, ta jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ta naɗe ta ajiye bayan randa. Ranar kwana biyar ta warware. In tsiro ya kai tamanin, a shuka. In bai kai ba, a watsa wa kaji. Da wannan tsumman muka koyi ƙirga, dukanmu.

Auta ya gama sakandare ya dawo gona, ya yi shekara ashirin da biyar yana noma. Manoman yankinmu suka naɗa shi shugaban ƙungiyarsu, daga nan suka matsa masa lamba sai ya tsaya takarar majalisar jiha. Na ce, "Auta, wa ya aike ka?" Ya yi dariya kawai. Jam'iyya ta karɓe shi hannu bibbiyu, ba don tana ƙaunarsa ba, don ta ga ƙuri'un da ke bayansa. Ya kuwa ci.

Ranar rantsuwa daga gona ya wuce, da taɓo a gefen takalminsa. Abokan zamansa suka laƙaba masa Mai Taɓo, suna zaton zai ji haushi, shi kuwa ya riƙa amsawa da fara'a. Suka ba shi kujerar can baya kusa da ƙofa, da wani ɗan ofis mai tebur ɗaya da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Suka jefa shi kwamitin noma don a ce akwai manomi a ciki. Shekara uku bai cika surutu ba, amma ya samo mana gada a kan rafin da ke raba mu da kasuwa.

A shekara ta huɗu, ana saura wata biyu zaɓen fid da gwani, gwamnati ta sayi irin masara za ta raba wa manoman jiha kyauta. Ɗan kwangilar da ya kawo irin surukin shugaban jam'iyya ne. Abin da ya rage shi ne 'yan kwamitin noma su sa hannu cewa irin mai kyau ne. Aka kawo musu buhu ɗaya na gwaji, ƙwaya manya-manya, an rina su da jan magani, sai sheƙi suke. Mutum takwas suka shafa, suka yaba, suka sa hannu. Auta ya ce shi sai ya ga sito.

Da ya je, ya tarar da ɗakin kwano mai zafi kamar tanda, buhuna jibge har rufi, takardun jikinsu sababbi fil, buhunan kuwa sun sha ƙura. Ya sa aka zaro masa ɗaya daga ƙasa, ya zura hannu tsakiya ya cika aljihu. Daga can gidana ya yo, ya ce, "Yaya, tsohon zanen Inna yana nan?" Yana nan mana. Na yago masa gefe. Ya jera ƙwaya ɗari, ya naɗe, ya kai durowar teburinsa na majalisa, kullum da safe yana yayyafa masa ruwan gora.

Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane ba. In ka shuka mataccen iri, sai ka yi mako biyu kana zaman jiran tsiro. Kafin ka farga ruwan shuka ya wuce, naka irin kuma ka riga ka cinye don ka dogara da na gwamnati. Shekara guda ke nan ta yunwa a gidanka.

A kwana na uku shugaban jam'iyya ya kira shi ofis. Ya ce, "Onarabul, sa hannu ɗaya ne fa. Tikitinka na komawa majalisa yana nan a aljihuna."

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kwana biyu."

"Kwana biyun me?"

"A warware tsumma."

Shugaban ya ce in bai sa hannu ba kafin nan, ya manta da kujerarsa.

Washegari matarsa ta zo mini tana kuka, tana lissafa yara biyar da ke makaranta. Kuma bari in faɗi laifina da bakina, tun da ba na ɓoye na wasu. Ni mai bakin nan, ni na tashi na je har ofishinsa na ce, "Auta, sa musu hannun nan ka huta. Kai kaɗai ne za ka gyara duniya?" Ya jawo durowa, ya taɓa tsumman ya ji ko da sauran danshi, sannan ya dube ni. Ya ce, "Yaya, da Inna ce za ta shuka shi fa?" Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na ɗauki jakata na fita.

Ranar kwana biyar ina zaune a benen 'yan kallo. Aka karanta rahoton kwamiti. Auta ya ɗaga hannu sau uku, kakakin majalisa yana kau da kai kamar bai gan shi ba. Sai kawai ya taso daga kujerarsa ta baya, ya tako har gaban babban tebur, ya shimfiɗa tsumman Inna kusa da sandar majalisa. Ya shiga ƙirga tsiron da ƙarfi, yana nunawa da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. A sha ɗaya ya tsaya. Sauran duk sun ruɓe, sun yi funfuna.

Ya ce, "Sha ɗaya cikin ɗari. Wanda ya yarda da irin nan ya fara shuka shi a gonar ubansa."

Zaure ya kaure da ihu. Kakaki yana ta buga guduma, yana cewa an kawo ƙazanta majalisa. Ni ma daga sama na zuba musu nawa, har masu gadi suka raka ni waje. Suka dakatar da shi wata shida, suka amince da rahoton, tikiti kuma aka ba wani da bai san bambancin masara da ciyawa ba.

Abin da suka manta shi ne akwai 'yar jaridar gidan rediyo a benen, ta kuma naɗi ƙirgar tun daga ɗaya, da yamma aka saka ta a rediyo. Da motoci suka kawo irin, duk gidan da ya ji labarin ya karɓa ya jiƙa tsumma. Bayan kwana biyar buhuna suka fara dawowa a kan kekuna da amalanke, ana jibge su a ƙofar ofishin jam'iyya har mota ta kasa fita. Ƙauyukan da labarin bai kai ba sun shuka, sun kuma sha wuya. Wannan ne kaɗai yake ci wa Auta rai har yanzu, ba kujerar ba.

Bai sake komawa majalisa ba. Yaransa biyu sai da aka sauya musu makaranta, motar ma ya sayar. Ya koma gonarsa da taɓonsa.

Da damina ta zagayo, ina gidansa sai ga mai kula da gonar kakaki ya yi sallama, yana sunkuyar da kai, wai maigidansa na son iri buhu goma. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Auta ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa mutumin ya dawo bayan kwana biyar, shi ba ya sayar da irin da bai gwada ba.

Ya dawo kuwa. Auta ya warware tsumman a gabansa, ya sa shi ya ƙirga da kansa. Casa'in da huɗu. Da suka gama lodi, na naɗe tsumman da danshinsa na ɗora a kan buhu na sama.

Na ce, "Ka kai wa maigidanka. Ka ce masa ga ƙazantar nan, in ji yayar Mai Taɓo."